Ranar da Na Koma Gida da Ƙafar Keke Ɗaya

Yanzu idan aka idar da sallar Juma'a a garinmu, abin da ke fara shiga kunnena ƙarar sarƙa ce. Liman bai gama shafa addu'a ba za ka ga mutane sun sunkuya a kan kekunansu da baburansu, wannan yana laluben aljihu, wancan yana hure ƙasar da ta shige masa kwaɗo, wani kuma yana tsaki a kan makullin da ya ƙi juyawa, a bakin masallaci fa. Ni da sanda ta zama abokiyar tafiyata, sai in tsaya a gindin dogon yaro in jira su watse. Ba na ganin laifin kowa, don wanda aka taɓa ɗauke wa keke ya san zafin komawa gida a ƙasa. Amma duk sanda na ji wannan kacau-kacau ɗin sai in tuna ni ne mutum na farko da ya sa wa keke kwaɗo a garin nan, kuma saura ƙiris abin ya ja mini asarar matar aure.

Wanda ya tono mini zancen kuwa autana ne. Yana koyarwa a makarantar firamare ta wani ƙauye gaba da mu, kullum a keke yake zuwa. Makon jiya ya shigo gida yana ta washe baki, wai ya sayo makulli na zamani a Bici. Wata 'yar waya ce cikin jar roba, ba ta kai kaurin ƙaramin yatsana ba, lambobi ake juyawa ta buɗe. Ya ce, "Baba, wannan ba ruwanka da yawo da ɗan makulli a aljihu." Na karɓa na jinjina ta a hannu, na ji ba ta fi igiyar shanya nauyi ba. Na ce masa wannan ko akuya ta samu sarari za ta cinye ta. Uwarsa tana bakin murhu tana jinmu, ta yi wata 'yar dariya da na daɗe da sani, ta ce, "Malam dai akwai sanin makulli." Na yi kamar ban ji ba, amma tun daga ranar zancen yake ta dawo mini.

A lokacin ƙuruciyarmu keke bai san kwaɗo ba. Kai, ba keke kaɗai ba. Rumbu a buɗe yake kwana, ɗaki asabari ne kawai a bakinsa, kwaɗo kuwa sai a akwatin amarya, shi ma don ado. Ƙauyukanmu a jere suke, gona na jikin gona, idan zakaran wani gari ya yi cara namu ne ke amsa masa. Da asuba za ka ji daka ta tashi ta ko'ina, gidan nan ya buga na gaba ya karɓa, sai kukan jakuna ana ɗora musu mangalar taki za a kai gona. To a cikin wannan duka, kekuna uku ne kacal a garinmu, kuma kowanne mun san muryar ƙararrawarsa. Ta mai gari tana da zaƙi, ta mahauci ta dishe, ta ukun kuwa ta wani dattijo ce mai sayar da goro, wadda sai an buge ta da tafin hannu take magana. Kana duƙe a gona kana noma, daga jin ƙararrawa a burtali ka san wanda zai wuce, ka ɗaga murya ka gaishe shi ba tare da ka ɗago kai ba.

Kekunan nan a zaure suke jingine, kuma duk wanda buƙata ta kama sai ya ɗauka. Mace na naƙuda a je a ɗauko ungozoma, a keke. An yi rasuwa a kai sanarwa ƙauyukan dangi, a keke. Maciji ya sari mutum a gona a garzaya da shi, a keke. Ba a neman izini, sai an dawo ake zuwa a ce, "Na ɗauki keke ɗazu," mai shi ya ce, "Allah ya sa an dace." Babanmu yakan ce shi bai taɓa ganin keken mutum ɗaya ba, wanda ya saya dai shi ke da wahalar faci. A lokacin dariya nake yi in ya faɗa, don ban sayi nawa ba tukuna.

Damina uku na yi ina zuba gyaɗa a gayaunata, ina kiwon rago a gefe, kafin na mallaki nawa. Baƙi ne wuluk, mai sanda a tsakiya, yana ƙamshin sabon ƙarfe da man shago. Ranar da na shigo da shi gari har mata sai da suka leƙo ta kan danga. Na naɗe masa jiki da roba ja da kore, na sa madubi biyu, na ɗaura tuntun ulu a hannayensa. Innarmu ta ce tunda ta haife ni ba ta taɓa ganin na cuɗa ƙafata yadda nake cuɗa ƙafar keken nan ba, kuma gaskiyarta ce. Ban yi kwana bakwai ina wannan jin daɗin ba aka fara ɗauka. Yau a dawo mini da shi duk taɓo, gobe a dawo da shi da ƙayar aduwa a taya, jibi madubi ɗaya ya karkace. Ina haɗiyewa, har ranar da wani maƙwabcinmu ya ɗaure akuya a bayansa ya kai ta kasuwa, akuyar kuma ta yi mini abin da ta ga dama a kan sirdi. Wannan rana raina ya ɓaci sosai. Na wanke sirdin nan har sau uku, na ce daga yau an gama.

Ranar kasuwar Bici na je wurin mai kayan ƙarfe na ce ina son kwaɗo da sarƙa. Ya baje mini su a tabarma. Akwai wani baƙi mai nauyi, mummuna, ya nuna mini shi ya ce in aiki nake so ga shi nan. Ni kuwa idona ya riga ya faɗa kan wani ɗan ƙarami mai ruwan zinariya, yana ɗaukar ido, in ka danna shi ya ce ƙyas kamar an fasa gyaɗa. Shi na ɗauka, da wata siririyar sarƙa mai sheƙi. Na sa makullin a zare na rataya a wuya. Da na dawo gida Babanmu ya karɓa ya juya shi. Daga nan ya ce, "To, kayanka ne. In ka je kasuwa ka kulle, can baƙi ne, ba wanda zai ji haushi. Amma ka ji ni da kyau, kada ka kuskura ka kulle shi a ƙofar gidan da za a ba ka ruwa ka sha. Wanda ya kulle abinsa a ƙofar mutum ya ce masa ɓarawo ke nan, ko bai buɗe baki ba." Na ce na ji. Na ji ɗin kuwa, da kunne ɗaya.

A wannan lokacin ina neman wata yarinya a ƙauyen da ke hayin rafi, 'yar maƙerin da ke yi wa duk yankinmu fartanya da lauje. Ita ce wadda na ce tana bakin murhu tana yi mini dariya. Ubanta mutum ne mai faɗin ƙirji, marar yawan magana, in ya kalle ka sai ka fara tuno laifuffukanka. Kowa ya san ya taɓa sallamar wani mai neman yayarta, ba don talauci ba, sai don ya je dandali ya ba da labarin abin da ya gani a gidan. Maƙeri ya ce shi ba ya haɗa zuri'a da mai sakin baki, magana ta mutu a nan. Ni kuwa tawa ta yi nisa, don an riga an tsayar cewa Juma'a mai zuwa manyanmu za su je neman aure. Ina son yarinyar nan ƙwarai. Tana da wani irin kallo ta gefen ido, kamar ta san wani abu a kanka da kai ba ka sani ba, kuma in ta yi dariya sai ka manta abin da ka zo faɗa.

Ran Lahadi bayan la'asar na sa farar riga, na goge keke, na nufi hayin rafi ina kaɗa ƙararrawa ko ba kowa a hanya. Maƙerar tana daura da ƙofar gidan, 'yar rumfa ce, tun daga nesa kake jin zuga-zugi na numfashi da masaba na sauka a kan uwar maƙera. Na sauka na tsuguna na gaishe shi, ya amsa bai daina bugu ba. A ƙofar gidan akwai turken jaki, jakin ya tafi kiwo. Wallahi ba sata nake tsoro ba. So nake a ga kwaɗona, a ji wannan ƙyas ɗin, a san mai neman 'yar gidan ba ƙaramin mutum ba ne. Na zura sarƙa ta cikin ƙafar gaba, na zagaya turke, na danna. Daidai nan bugun masaba ya tsaya. Na ɗan saci kallo na ga maƙeri ya zuba wa keken ido, sai na ce a raina lalle abin ya burge shi. Na fito da makullin saman riga don ya fi fitowa, na zagaya ta ƙofar baya zuwa ɗakin kakarta, inda muke zance.

Tsohuwar nan akwai tsokana. Tana ganina ta ce, "A'a, angona, yau kuma laya aka yi maka ta ƙarfe?" Na ce makullin keke ne, Iya. Ta ce, "Keke kuma har da makulli? Ina zai je, ko yana da dangi a wani gari?" Yarinyar ta shigo, ta gaishe ni, ta kalli makullin ta gefen ido, ta ce bari ta kawo mini fura. Ta tafi ta daɗe. Ta daɗe har tsohuwa ta ba ni labarin aurenta na fari tun daga farko har ƙarshe, ta soma na biyu. Da ta dawo da kwanon furar tana ɗan haki, na lura da wani baƙi a bayan hannunta, na ce a raina baƙin tukunya ne, yarinya mai aiki. Na sha fura na ƙoshi, na yi ta zuba labarin kwaɗona, yadda ba mai iya buɗe shi sai ni. Ita dai tana sunkuyar da kai tana cizon bakin mayafi. Na ɗauka kunya ce.

Rana ta yi ja na yi sallama na zagayo ƙofar gida. Turke na nan. Sarƙa na nan, kwaɗona na nan yana sheƙi, ba wanda ya taɓa shi. Ƙafar gaba ma tana nan a jingine. Sauran keken ne babu.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Damina uku, da rago, ga abin da ya rage, ƙafa ɗaya. Ihu ya taho mini har maƙogwaro. Da na sake shi, kafin ka ce me garin zai taru, samari su bazu cikin gonaki da sanduna, wataƙila ma a kama ɓarawon tun bai haye rafi ba. Amma a take na hango abin da zai biyo baya. Daga ranar, duk inda aka ambaci maƙeri za a ce, ai a ƙofarsa aka sace keken mai neman 'yarsa. Ni na jawo masa, kuma ni na yi shela. Sai a lokacin maganar Babanmu ta dawo mini, na ga ashe tun kafin a ɗauki komai na riga na zagi mutumin nan a gaban maƙerarsa. In na ƙara da ihu, manyanmu ba su da abin zuwa yi ran Juma'a. Keke ko yarinya, ɗaya zan bari a wurin nan.

Na tsuguna na buɗe kwaɗo, na naɗe sarƙa na cusa a aljihu, na ɗauki ƙafar. Dole ta gaban maƙera zan wuce. Yana zaune yana yayyafa wa gawayi ruwa. Na durƙusa na ce, "Baba, zan koma."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi ƙafar keken. Ya ce, "Lafiya dai, samari?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba."

Ya ce, "Da abin da ka zo ke nan?"

Na ce, "Da shi na zo, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "To, a gaida gida. A yi tuƙi a hankali."

Tafiyar da nake yi kamar ƙiftawar ido a keke, ranar sai ta zama kamar zuwa Kano. Na fara rataya ƙafar a kafaɗa, ta ɓata mini riga, na sauke ina gara ta a burtali kamar mai wasan gare. Mutane na dawowa daga gona, kowa sai ya tsaya. Wani ya ce, "Kai, ina sauran?" Na ce yana tafe. Wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta ce, "Ɗan nan, haihuwa keken ya yi?" Da na shigo gari maƙwabcin nan mai akuya ne na fara karo da shi, ya ce dama gobe yana son ya je kasuwa, ko zan ba shi aron abin da ya samu. Na yi dariyar dole. Duk wanda ya matsa da tambaya sai in ce keke yana wurin gyara. Babanmu kuwa yana zaure, ya dubi ƙafar, ya dubi zaren makullin da ke wuyana, ya ce, "A ina ka kulle?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Na gane," ya ci gaba da jan carbinsa. Wannan "na gane" ɗin ta fi mini mari zafi.

Kwana uku na yi ina noman baƙin ciki. Na jingine ƙafar a bayan ƙyaure, in na shiga ɗaki in ganta in ji kamar in yi kuka, kuma rannan na yi ɗin, ba zan ɓoye ba. Abokaina suka dame ni, wai wane mai gyara ne wannan da ke karɓar keke ya bar ƙafa. Ɗaya daga cikinsu ya ja ni gefe ya ce in sace shi aka yi in faɗa, su raka ni wurin mai gari a sa cigiya kasuwa-kasuwa. Na san gaskiya ya faɗa, kuma kowace rana ta wuce keken na ƙara nisa. Sau biyu ina kama hanyar gidan mai gari ina juyowa. In na tuna tambayar farko da zai yi mini ita ce a ina aka ɗauka, sai in fasa. Na ce wa abokina gyara ne, ya ƙyale ni.

Ran Laraba da hantsi wata mai tallan daddawa daga hayin rafi ta yi sallama a gidanmu, ta ce maƙeri na kirana, wai in taho da ƙafar. Na ce shi ke nan, zai ce in daina zuwa. Na sake gara ta a burtalin nan, wannan karon ban ko amsa masu tsokana ba. Ina shiga rumfar na gan shi. Kekena, a jingine a jikin ginshiƙi, an goge shi, an zuba wa cen mai, har madubin da ya karkace an miƙe. Ƙafar ta suɓuce daga hannuna ta gangara ta faɗi a cikin toka.

Maƙeri bai yi dariya ba, amma gemunsa na motsi. Ya ce, "Zauna." Na tsuguna. Ya ce, "Laifi biyu ka yi mini. Na farko, ka kulle abinka a ƙofata, ina zaune ina kallo. Kwana uku ina sauraro, masu kawo gyaran fartanya daga garinku sun zo sun tafi, ban ji wanda ya ce an yi sata a gidana ba. Sai dai na ji ana cewa keke yana wurin gyara." Ya nuna keken da awartaki. "Ba ka yi ƙarya ba, ga shi an gyara. Wannan laifin na yafe."

Na ce, "Na gode, Baba. Na tuba."

Ya ce, "Na biyun ne ba zan iya yafewa ba, don ya taɓa sana'ata. Miƙo kwaɗon nan."

Na miƙa masa. Ya ɗora shi a kan uwar maƙera, ya ɗan taɓa shi da masaba, taɓawa fa, ba duka ba, sai ga shi ya wage baki. Sarƙar kuwa da awartaki ya kama zobe ɗaya ya murɗa, ta rabu kamar taliya. Ya ce, "Da wannan ka zage ni? In za ka zagi maƙeri, ka zage shi da ƙarfen kirki." Daga nan ya zaunar da ni ya yi mini karatun da har yau ban manta ba. Ya ce kwaɗo ba da ido ake zaɓensa ba, a hannu ake jinjina shi, in bai yi nauyi ba a ajiye. A duba ƙarfen da ya lanƙwaso a samansa, ya zama mai kauri kuma gajere, yadda ba za a samu wurin zura wani ƙarfe a banƙare shi ba. Sarƙa a bi ta zobe-zobe, kowanne bakinsa a haɗe yake ko matse shi kawai aka yi. Ya ce ƙafar gaba noti biyu ne ke riƙe da ita, shi bai gama cin goro ɗaya ba ya kwance ta, don haka ta ƙafar baya ake zura sarƙa, a haɗa da ƙarfen jikin keken, sannan a zagaya abin da ke da saiwa. Turke ba abin dogaro ba ne, jaki ma in ya yi fushi tuge shi yake yi. Kuma kada a bar kwaɗo yana kwance a ƙasa, inda mutum zai samu dutse biyu ya fasa shi.

Yana maganar yana jan zuga-zugi. A gabana ya ƙera mini sarƙa, zobe bayan zobe, kowanne ya haɗe bakinsa a wuta, baƙa, mummuna, mai nauyin tsiya. Ya ce kwaɗon kuma in koma Bici in ɗauko wanda na raina. Da zan tafi ya mayar mini da ƙafar da hannunsa, ya ɗaure noti, ya ce, "Ka ce wa manyanka ina nan ran Juma'a. Su zo da kekunansu, ba abin da zai same su."

Haka aka yi aure. Na koma na sayo baƙin kwaɗon nan, makulli ɗaya a wurina, na ajiya a wurin amarya. A kasuwa nake kullewa, a gari kuwa na koma jingine shi a zaure, mai akuya ma ya ci gaba da ɗauka, sai dai na roƙe shi ya riƙa shimfiɗa buhu. Ƙofar surukina kuma ban sake kusantarta da sarƙa ba, shekara da shekaru. Har aka yi titi, motoci suka fara ratsa mu, gari ya cika da fuskokin da ba a san iyayensu ba, ƙararrawa ta yi yawa har ba a gane ta kowa. Aka fara jin an ɗauke keke a bakin masallaci, an ɗauke a gona mai shi na duƙe. Wata rana na je gaishe shi, ya tsufa, ya bar ƙira, ido ya yi rauni, yana kwance a zaure. Na jingine keke kamar kullum na shiga. Bayan mun gaisa ya ce, "Ban ji ƙarar sarƙa ba. Ka kulle?" Na ce, "A ƙofarku, Baba?" Ya ce, "Tashi ka kulle. Ƙofar tawa ce, amma hanyar ba tawa ba ce yanzu." Na fita na kulle, ta ƙafar baya, a jikin cediya. Ban taɓa jin ƙarar kwaɗo ta yi mini ɗaci kamar ta ranar ba. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Daga baya duk wannan na ba autana labari a tsakar gida, sannan na shiga ɗaki na jawo sarƙar daga ƙarƙashin gado, da baƙin kwaɗon nan a jikinta. Tana nan yadda take, ko tsatsa ba ta ci ta ba. Ya ɗaga ta ya ce, "Baba, wannan ai ta fi keken nauyi." Na ce shi ya sa har yau ba a sace ta ba. Na sa shi ya kulle a gabana, ya nufi ƙafar gaba, na daka masa tsawa, ya koma ta baya yana dariya. Uwarsa ta tashi ta buɗe tsohuwar kwallarta, ta ɗauko makullin ajiya a ƙulle cikin tsumma, ta ba shi ta ce ya kai wa matarsa.

Bayan ya fita na ce mata abu ɗaya ne har yau ban gane ba. Kwance ƙafar keke sai an samu mai riƙe shi, kuma ranar ba kowa a maƙerar sai babanta.

Ta ci gaba da tuƙa tuwo, ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Malam, fura damammiya ce fa a ƙwarya. Me kake tsammani ya tsayar da ni?"

Na saki baki. Sai ga baƙin nan na bayan hannunta ya dawo mini kamar jiya, ashe man keke ne. Na ce, "Ke! Ashe duk shekarun nan da ɓarauniyar kekena nake zaune?"

Ta kalle ni ta gefen ido, irin kallon nan dai, ta ce, "Ai an mayar maka da kekenka, Malam. Har aka ɗora maka ni a kai."